In Ji Wa?

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, yanzu ka iya karatu, kin iya karatu. Madalla. To, ga shawara guda. In yaronka ya dawo daga lakwal ya karanta maka labari, kada ka tsaya ga "ka yi ƙoƙari" kawai. Tambaye shi: wa ke ba da labarin nan?

Ka san dalili. Shanu sun shiga gonar hatsi da kaka. An je gaban maigari. Manomi ya ce: "Sun cinye mini rabin gona." Makiyayi ya ce: "Shi ya noma burtali, ya toshe mana hanya." Gona guda, rana guda, amma labari biyu. Maigarin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. Mai karatu ma haka ya kamata ya yi.

Abin ba wuya. Nuna wa yaro ƙananan kalmomi. In ya ga "na tafi", "na gani", mai magana yana cikin labarin. Abin da ya gani kaɗai ya sani, kuma yana iya gyara kansa. In ya ga "ya tafi", "ta ce", mai magana yana waje, kamar kaka mai tatsuniya. Ita ta san abin da Gizo ke ƙullawa a zuci tun Ƙoƙi ba ta sani ba. In kuma ya ga "wai", to, mai maganar bai gani da idonsa ba.

Dubi littattafan Abubakar Imam. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ke faɗin tafiyarsa da bakinsa. Da Malam Zurƙe ne ya ba da labarin, kana jin haka za mu ji shi? A Magana Jari Ce kuma, aku ne ke zuba wa Musa ɗan sarki labarai. Yana da nufi: ya riƙe yaron a gida, kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Ka ga, mai ba da labari yana da abin da yake so.

Tarihin ƙasarmu ma haka ne. A 1899 sojojin Faransa suka auka wa Lugu, garin Sarauniya. Su sun rubuta nasu a takarda. Mutanen Lugu sun riƙe nasu a ka. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafi a kan Sarauniya, ya tsaya a gefenta. Yaron da ya ji ɓangare guda, rabi ya ji.

Wani zai ce: "Za ku koya wa yara musu da manya." A'a. Tambaya da ladabi ba rashin kunya ba ce. Yau saƙon murya na yawo a waya, ba a san wanda ya fara shi ba. Irin wannan saƙo yana iya haɗa unguwa faɗa. Yaron da ya saba tambayar "in ji wa?" ba ya saurin ɗaukar sanda.

Gwada yau da dare. Yi tatsuniyar Gizo da Kura. In ka gama, ce wa yaro: "To, zama Kura, ka ba mu labarin da bakinta." Za ku yi dariya, shi kuma zai gane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.