Ra'ayinmu: A Raba Yara da Wasan Babur

Duk mai zuwa ɗaurin aure a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi ya san abin da ke biyo bayan shafa fatiha. Samari ne za su ɗare babura rakiyar ango, wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya saki hannu, an cire salansa, ƙura ta turnuƙe. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙananan da ke cikin ayarin. Za ka ga ɗan shekara 12 a kan Boxer, in zai tsaya sai ya karkata babur ɗin kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ga ƙannensa biyu a goye, ba hular kwano, silifa a ƙafa, yana murɗa totur don kada sa'ansa ya wuce shi.

Iyayen da ke miƙa makulli suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. A ƙasar rake da tumatir, babur ne ke kai taki gona, ya kai wa masu aikin fadama abinci, ya ɗauki mai naƙuda cikin dare. Uban da ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa ne ƙafarsa. Wasu kuma cewa suke yaro ba ya hanuwa, ai sukuwa ma gadonmu ce, don haka gara a ware musu fili a sa doka, kamar yadda ake yi a waje.

Wannan magana ta biyu ta cancanci a tsaya a kanta. A Amurka, hukumar tseren motoci ta NHRA ta buɗe sashen yara tun 1992, kuma yanzu 'yan shekara 5 zuwa 17 ke shiga. Suna tsere ne a miƙaƙƙen layi mai kimanin mita 200, cikin 'yan motoci masu kejin ƙarfe, an ɗaure su da ɗamara, ga hular kwano, ga rigar da wuta ba ta saurin ci. Gudu gwargwadon shekaru ne, manyansu ma ba a yarda su wuce kilomita 137 a awa ɗaya ba. Babu ja, wannan ya fi tsere a kan kwalta nesa ba kusa ba.

Duk da haka, a watan Nuwamba 2017 a birnin Perth na Ostireliya, wata yarinya 'yar shekara takwas ta daki katangar kankare a lokacin gwajin samun lasisin tsere, ta rasu, har gwamnatin jihar ta dakatar da tseren yara. Can ke nan, inda ma'aikatan ceto ke tsaye a bakin fili. Yaron da ya bugu a ka a Paki ko Gubuchi fa? Sau da yawa a kan wani babur ake sa shi tsakanin mutum biyu a nufi asibiti, in abin ya yi tsanani a ce sai babban asibitin Shika. Karaya mai ɗori zai iya ɗorawa, amma jinin da ya taru a ƙwaƙwalwa ba ya jiran doguwar tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne ya fi komai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Kwatanci da doki kuwa bai yi ba. Yaron da aka ɗora ranar hawan Sallah akwai zagi riƙe da linzaminsa.

Doka ma ba ta yi shiru ba: lasisin tuƙi sai ɗan 18, kuma tun farkon 2009 aka tilasta sa hular kwano. Sai dai jami'an kiyaye haɗurra da na hukumar kula da zirga-zirga ta KASTLEA sun fi yawa a manyan hanyoyi, wasan kuwa a cikin gari ake yin sa.

Ra'ayinmu shi ne duk wanda bai kai 18 ba a raba shi da tseren babur, a titi ne ko a fili. Manya in suna so, ƙananan hukumomin yankin su ba su wuri bayan gari, da sharaɗin hular kwano da motar asibiti a tsaye. Hukunci kuma ya hau kan mai babur, uba ne ko yaya ko mai ba da haya, domin yaro bai sayi babur ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma kada "ƙaddara ce, mun yafe" ta hana a tambayi wanda ya ba shi makulli. Hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su kama babur ɗin da aka gani a hannun yaro cikin ayari, limamai kuma su riƙa sanar da haka a wurin ɗaurin aure kafin jama'a su watse.