Marka ta kama: kafin ka hau mashin daga Kunci zuwa birni

Agusta ta shigo da marka, sama ta ƙi washewa, amma sai ka ga saurayi ya taso daga Kunci da sassafe a kan Boxer, riga ɗaya a jikinsa, silifa a ƙafa, wai zai je Bichi ko ya zarce Dawanau. Ka ce ya sa rigar ruwa ya ce maka shi ba rago ba ne. Wannan ganganci ne, kuma ya kamata mu matasa mu daina yi masa tafi.

Tun Janairun 2013 da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birnin Kano, mashin bai rasa aiki ba, ya dai koma ƙauye. A Kunci (ko Ghari, yadda hukuma ke kiran ƙaramar hukumar yanzu) shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko taki, shi ke mayar da ɗalibi makaranta. Ba mai cewa a ajiye shi don damina ta zo. Maganar ita ce yadda ake hawansa.

Sanyin kan mashin daban yake da na zaune a zaure. Idan riga ta jiƙe kuma iska na dukanta, jiki na zubar da ɗuminsa da sauri, yadin auduga kuwa riƙe ruwa yake yi. Abin da ke fara sanƙarewa yatsu ne, kuma su ne masu kama birki da kuloci. Kai kana ganin lafiya kake, amma hannunka ya fara makara, kuma ɗan jinkirin nan ya isa a gaban tirela a titin Kano zuwa Katsina. Shi ya sa safar hannu ta fi muhimmanci a kan yadda muke ɗaukarta. Sa riga biyu ko uku marasa nauyi, rigar ruwa a sama, takalmi rufaffe. In babu na ruwa, saka leda a kan safa, ba abin kunya ba ne. Waya da busasshiyar riga su ma a ƙulle a leda.

Shi ma mashin ɗin a duba shi tun jiya, kar a bari sai an tayar. Tayar da ta suɗe ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, a kan burji mai laka kuwa ba a magana. Birkin yawancin mashinanmu na ganga ne, idan ka ratsa ruwa yakan yi sanyi, don haka ka dinga ɗan taka shi a hankali har ya bushe. A duba hular fulogi, a shafa wa sarƙa mai, fitila ta kasance a kunne ko da rana ne.

Sai hular kwano. A 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, ƙasa ta yi ta dariya. Shekaru sun wuce, har yau ba mu ɗauke ta da gaske ba, alhali ita ce kuma ke kare ido daga ruwan da ke sa mutum tuƙi a runtse.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ratsa kwalbatin da ruwa ya shanye, abokai na tsaye suna ɗaukar bidiyo don TikTok. Ba ka ganin ƙasan, ba ka san ko ruwa ya cinye gefen hanyar ba. Ka jira ya janye, ka sha shayi, hannu ya dawo. Kar dai ka fake a ƙarƙashin bishiya idan ana tsawa.

Iyaye da iyayen gida masu aike su ma da nasu. Alhaji, in hadari ya haɗo daga gabas, buhun nan zai iya kwana. Idan kuma dole ne a je, a haɗa wa yaro kuɗin mai da rigar ruwa.