Canjin Inji A Ƙananan Motoci

Duk wanda ya ratsa kasuwar Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, zai ga injunan mota jibge a ƙasa suna jiran masu saye. Yawancinsu an ciro su ne daga motocin da suka gama aiki a Turai da Japan, aka shigo da su ta Legas ko Kwatano. Cinikin yana tafiya sosai, domin ƙaramin ma'aikaci a yau ba ya ko mafarkin sabuwar mota. Idan injinsa ya buga, hanya ɗaya ta rage masa: ya nemi bashi ya sayi na hannu, bakanike ya ɗora masa.

Da ba haka abin yake ba. A 1975, shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Legas. Ma'aikaci yakan karɓi rancen mota ya fito da sabuwar Fijo 504, kayan gyaranta kuwa suna nan a kanti. Wannan zamani ya wuce, kuma babu mai hankalin da zai zargi mutum don ya ceci tsohuwar motarsa da inji irin nata.

Abin da ke bukatar a tsaya a duba shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin samari, har da ɗalibai da 'ya'yan masu hali, ta cire injin ƙaramar mota a cusa mata wanda ya fi shi girma don neman gudu. Wasu kuma ba sa canza injin, sai dai su sa a yi masa aiki. Da yake yawancin waɗannan injuna ba su da turbo, wato da kansu suke shaƙar iska, ƙarfinsu ya dogara ne ga yawan iskar da za ta shiga silinda da kuma yadda za a matse ta da fetur kafin fulogi ya kunna. Saboda haka sai a rage kaurin kan silinda don matsin ya ƙaru, a sauya kamshaf don bawul su daɗe a buɗe, a faɗaɗa salansa don hayaƙi ya fita da sauri. Wannan ilmi ne na gaske, ba shirme ba. A 1989 kamfanin Honda ya fitar da inji mai lita 1.6 wanda ke ba da ƙarfin doki 160 ba tare da turbo ba, abin da ya ba masana mamaki a lokacin. Bakaniken da ya fahimci yadda aka yi haka ya cancanci yabo.

Amma inji ba shi kaɗai ne mota ba. Lokacin da Volkswagen ya fitar da Golf GTI a 1976 da ƙarfin doki 110, alhali ƙaramar Golf ta yau da kullum tana da 50, bai tsaya ga inji kawai ba. Ya sa mata birkin gaba mai fitar da zafi, ya ƙarfafa ƙafafunta, ya rage tsayinta daga ƙasa, ya ba ta tayoyi masu faɗi. A garejinmu na bakin titi kuwa, galibi kuɗin mai mota yakan ƙare ne a kan inji. Birki yana nan yadda yake, shokozoba ta mutu tun bara, lagireto ƙarami ne, tayoyin ma na hannu ne da suka daɗe a rana. Ga lissafin da kowane ɗalibin kimiyya ya sani: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 140 a sa'a tana bukatar kusan ninki biyu na filin da mai gudun 100 ke bukata. Dokar hanya ta ƙasar nan kuwa ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari. To, ina za a kai sauran ƙarfin? Amsar tana kan titunan unguwa ranar ɗaurin aure, inda ake wasan mota a tsakiyar yara da masu talla.

Mai motar ma ba ya tsira da aljihunsa. Akwai masu cire matatar iska wai don inji ya numfasa, su manta da ƙurar hunturu wadda ke cinye ringi da silinda cikin 'yan watanni. Akwai masu fasa salansa su cire abin tace hayaƙi, wanda 'yan gareji ke kira indomi, jama'a su shaƙi gubar. Injin da aka ƙara wa matsi yana son fetur mai inganci, in bai samu ba sai ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya lalace. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, babban inji a ƙaramar mota ya zama wani gida na biyu da ake ciyarwa.

Sai kuma batun takardu, wanda ya fi shafar Gwamnati. Lambar inji tana rubuce a takardun kowace mota. Idan aka canza inji ba a je ofishin lasin an gyara ba, takarda ta zama ƙarya, kamfanin inshora ya sami hujjar ƙin biya, ɓarawon da ya farke motar sata ya sayar da injinta kuma ya sami kasuwa.

Hana canjin inji ba zai yiwu ba, kuma zalunci ne ga talaka. Abin da ya wajaba shi ne Ma'aikatun Ayyuka da Sufuri na jihohi su bambanta iri biyu. Wanda ya mayar da inji daidai da na asali, a sauƙaƙa masa: ya kawo rasidi, a gyara lamba a rana ɗaya, da kuɗi kaɗan, ba tare da ɗan tsakiya ba. Wanda ya ƙara girman inji kuwa, kada a sabunta masa takardar lafiyar mota sai jami'an duba motoci sun gwada birkinsa a kan na'ura, ba a kan tebur ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta riƙa rubuta a rahoton kowane haɗari ko an taɓa injin motar, domin a san girman matsalar da alƙaluma. Kwalejojin fasaha su buɗe darasin yamma ga kanikawa a kan birki da ƙafafun mota, tare da ƙungiyoyinsu. Samarin da ke son tsere kuma a ware musu fili a bayan gari, da shinge da motar asibiti a tsaye, su biya kuɗin shiga.