Ra'ayi: Ruwa ne ya ci ganuwar Maraɗi, wa ke cin sauran?

Matashin da ya taso daga Sarkin Yamma, a gundumar Madarumfa, ya shigo Maraɗi cin kasuwa, da wuya ya san cewa birnin nan ya taɓa zama cikin ganuwa mai ƙofofi. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 ne suka mai da Maraɗi mafakarsu a kwarin Gulbi, suka kewaye ta da katangar ƙasa. Ambaliyar 1945 ta rusa tsohon garin, Turawan Faransa suka mai da jama'a kan tudu.

Wannan asarar ruwa ne ya jawo ta. Ta yau kuwa da hannunmu muke yin ta.

A Kano, ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134 ta shiga jerin wucin gadi na UNESCO tun 2007, amma shaguna da gidaje sai cin ta suke yi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, sannan aka gina sabuwa. A Katsina, sunayen Ƙofar Guga da Ƙofar Ƙaura sun fi katangar kanta rai. A Damagaram ma, ganuwar Sarki Tanimun saura guntaye.

Ƴan ci-raninmu da ke Italiya sun ga wata hanyar. Garin Cittadella, wanda aka kafa a 1220, har yau yana riƙe da katangarsa da ƙofofinsa huɗu da gwalalo, wato ramin da ke kewaye da ita. Baƙi na biyan kuɗi su hau su zagaya.

Wani zai ce tasu ta jan bulo ce, tamu ta ƙasa. Gaskiya ne. Amma kakanninmu sun riƙe ta ƙasar ɗaruruwan shekaru da aikin gayya da yaɓe bayan damina. Abin da ya ƙare shi ne kula.

Ba sai an jira kuɗin Turai ba. Magajin garin Maraɗi da na Sarkin Yamma, da masarautar Katsinar Maraɗi, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, za su iya tura ɗalibai wurin dattawan da suka ga tsohon gari, su naɗi muryarsu, su auna inda kowace ƙofa ta tsaya, a kafa alama. Yaron da ya ga ambaliyar 1945 da wayonsa ya doshi shekara 90 yanzu. In aka ƙara jinkiri, ba za a sami wanda zai nuna wurin ba.