Laifi Ne In So Malam Snape?

 Wata ɗaliba 'yar aji uku a ƙaramar sakandare ta aiko min da tambaya. Ta gama karanta littattafan Harry Potter, kuma duk cikin mutanen labarin babu wanda ya tsaya mata a rai kamar Malam Snape. Ƙawayenta sun ce mugu ne, har suna yi mata tsiya. Shi ne take tambaya, ko laifi ne ta so shi?

Wanda bai gama karatun ba ya ajiye shafin nan tukuna, domin zan tona asirin ƙarshen labari.

Marubuciya 'yar Birtaniya, J.K. Rowling, ita ta rubuta littattafan guda bakwai, na farko a 1997, na ƙarshe a 2007. Labarin ƙage ne na wani maraya da ke karatu a makarantar sihiri ta Hogwarts. Severus Snape shi ne malamin haɗa magunguna, mai baƙar riga, ba ya dariya, ba ya sakin fuska.

Bari mu fara da laifinsa, don yana da yawa. Tun ranar farko ya tsani Harry saboda kawai ya yi kama da mahaifinsa. Akwai wani yaro mai rauni a ajin, Neville, wanda Snape ya mayar abin ba'a. A littafi na uku har ya ce zai ba kwaɗon da yaron yake kiwo maganin da Neville ya haɗa, yana sa ran ya zama guba. A littafin nan dai, da aka kawo wani dodo mai rikiɗa ya zama abin da mutum ya fi tsoro a duniya, gaban Neville sai ya zama Snape. Ku duba fa, yaro ɗan shekara 13, abin da ya fi tsoro shi ne malaminsa.

Akwai wanda ya fi wannan. Yana saurayi Snape ya shiga ƙungiyar mugun matsafi Voldemort. Shi ya kai masa labarin wani hasashe da ya ji, wanda ya sa Voldemort ya nufi gidan su Harry ya kashe iyayensa. Mahaifiyar Harry kuwa, Lily, ita ce yarinyar da Snape ya so tun suna ƙanana. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Daga nan ya juya. Ya koma wajen shugaban makaranta, Dumbledore, ya zama ɗan leƙen asirinsa. Shekara da shekaru yana zuwa gaban Voldemort yana yi masa ƙarya, ya san ranar da aka gano shi ta ƙare. A littafi na farko, da aka yi ƙoƙarin kayar da Harry daga tsintsiyarsa a sama, Snape ne ke karanta makari a ɓoye, yaran kuwa suka ɗauka shi ne mai cutar. A na shida ya kashe Dumbledore a gaban mutane, kowa ya kira shi maci amana. Sai a na bakwai, bayan macijin Voldemort ya sare shi ya mutu, Harry ya gano Dumbledore ne ya roƙe shi ya yi haka, domin dama ajalinsa ya kusa. Daga baya Harry ya sa wa ɗansa sunan Severus.

To, ƙanwata, ga amsarki. Ba laifi ba ne. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo mun san wannan: mun san maƙaryaci ne, mai haɗama, amma in ba shi tatsuniya ba ta armashi, kuma babu wanda ya ce ki zama Gizo. Abin da ya burge ki a wajen Snape abin burgewa ne: ya yi kuskure babba, ya yi nadama, ya ɗauki nauyinsa har kabari ba tare da neman yabo ba.

Inda nake so ki yi hattara wuri ɗaya ne. Kada son da kike yi masa ya sa ki ce abin da ya yi wa Neville ba kome ba ne. Gaskiya ne Snape ya tashi cikin talauci a gidan da ake yawan faɗa, kuma mahaifin Harry da abokansa sun wulaƙanta shi a makaranta. Wannan ya nuna mana inda ɗacin ransa ya samo asali. Amma Neville bai yi masa kome ba, kuma aikin leƙen asiri bai tilasta masa tsoratar da yaro da kwaɗonsa ba.

Na dage a kan wannan ne saboda ya shafe ku. A makarantun kwana nakan ji manyan ɗalibai na cewa, "Mu ma haka aka yi mana muna aji ɗaya." Hujjar Snape ke nan. In ka ji kana faɗinta, ka tuna akwai wani ƙaramin yaro da kai ne dodonsa.

Tambayar mako: da kai ne Neville, ka girma ka ji duk abin da Snape ya yi don ceton makarantar, za ka yafe masa? Ku aiko da amsa da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.