A Koya Wa 'Ya'yanmu Sanin Ƙarfe

Ya ku 'yan'uwa talakawa, a ƙaramar sakandare ana koya wa 'ya'yanmu cewa sinadaran duniya kashi uku ne. Akwai dangin ƙarfe, irin su kuza, dalma da tagulla: suna ƙeruwa, lantarki na bi ta cikinsu. Akwai waɗanda ba ƙarfe ba, kamar farar wuta, wadda in an buga sai ta marmashe. Akwai kuma jemagu, ba tsuntsu ba dabba, kamar silikon na cikin yashi, wanda ake ƙwaƙwalwar wayar hannu da shi.

To, ina kayan gwaji? Babu! Malam na rubutu, yaro na hadda kamar aku.

Rashin sani ya fi dare duhu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara, domin iyayensu na niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ba su san da dalma a ciki ba.

Muna kira ga Gwamnati ta sa batir, waya da ƙwan fitila a kowane aji, yaro ya jona ya ga abin da ke kunna fitila. In ta ƙi, mu 'yan kasuwa mu kai da kanmu, sa'an nan mu tuna ranar zaɓe.