A Duba Shekarar Mota Kafin A Biya Kuɗi

Ma'aikacin gwamnati a Danja yakan yi shekaru yana tari kafin ya mallaki motar iyali, saboda haka wajibi ne ya yi hattara. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya daina harhaɗa 504, jama'a suka koma ga motoci 'yan Kwatano, suna bin sunan kamfani kurum. Alhali kuwa Camry mai silinda huɗu ƙirar 2007 zuwa 2009 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, ita kuma Accord mai silinda shida ƙirar 2003 giyarta kan ba da wahala.

Shawararmu ita ce mai saye ya tantance shekarar ƙira, ya tafi da amintaccen makaniki, ya kuma tabbata akwai kayan gyaranta a Funtuwa. Ranar da rashin lafiya ta taso da tsakar dare, ingancin inji ne zai kai iyali asibiti.